Yazidu Mai Harawa da Saniyar Habbanaye

Duk wanda ya bi hanyar Rumbu daga Dakoro bayan kaka, zai ga gonaki an share su ƙwal kamar tsakar gida ranar suna, ko sillen kara babu, kowa ya sare nasa ya ɗaure ya kai gida. Sai gona guda, dab da burtalin da shanu ke bi, wadda karanta ke nan tsaye har iska ta gaji da kaɗa shi. Baƙo kan ce mai gonar rago ne, ko kuwa ya mutu magada na rigima. To, ba rago ba ne, kuma da ransa. Gonar Yazidu Mai Harawa ce, mutumin da duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi sanin yadda ake tara abincin dabba. Kunya ce ta tsai da karan nan.

Ubansa, marigayi Mahamman, manomin gero ne da wake, irin mutanen da ba su taɓa tara abin kirki ba, ba su kuma taɓa rasa baƙo ba. Babban baƙonsa wani Bafillace ne mai jajayen shanu masu dogon ƙaho. Kowace shekara, da zarar an ce an saki gonaki, sai ya gangaro daga arewa da garkensa da iyalinsa, ya sauke kaya a gonar Mahamman. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar taki. Matan su kawo nono da man shanu, a auna musu gero. Ba a taɓa zama an yi ciniki a kan wannan ba, haka suka taras, haka suke yi. Bafillacen yana da ɗa, Jafaru, tsaran Yazidu. Sau ɗaya a shekara suke ganin juna, amma da sun haɗu sai tsiya. Jafaru ya ce, “Kaɗo, har yanzu kana nan kana tonon ƙasa kamar gafiya?” Yazidu ya ce, “Fillo, kai kuma har yanzu ba ka samu garin da zai karɓe ka ba?” Da haka suka girma. Iyayen suka kwanta dama, su kuma suka ɗauki zumuncin daga inda aka aje shi.

Shi Yazidu tun yana saurayi Allah ya ba shi ido a kan ciyawa. Wasu in sun tsince wake sai su bar ganyen a gona har ya bushe ya kakkaɓe, sa’annan su zo su kwashi tsirarun jijiyoyi su ce wai sun yi harawa. Shi kuwa yana gama tsinkar fari zai shiga da lauje da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, ganye na kore shar, ya yanke, ya naɗe dami-dami, ya kai inuwa ya shanya, don rana na cinye ƙarfin ganye. In ta sha iska sai ya ɗora ta bisa rumfa, nesa da gara da bakin awaki. Harawarsa ko tsakiyar bazara ka kwance ta koriya ce, ƙanshinta har gidan maƙwabta. Ya dasa gamba a kan iyakar gonarsa tun mutane na yi masa dariya, wai yana noman abin da Allah ke bayarwa kyauta. Ya hana a sare ƴan gawon da suka tsiro masa a gona, da rani ya bi yana tsince ƴaƴansu yana zubawa a buhu. Har wani wake mai yaɗo yake shukawa a ƙarshen gona, ba don ƙwaya ba, don ganye kawai.

Sai aka yi shekarar nan da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Wake ya ƙone a tsaye, babu abin yanka. Bazara ta yi tsawo, dabbobi suka dinga faɗuwa a hanya, ungulu har ta ƙoshi ta daina sauka. Yazidu ya rasa bijimin da ke ja masa amalanke, ya rasa tumakinsa kaf, aka bar shi da turaku tsirara. Matarsa Hanatu, mace mai haƙuri amma ba mai haɗiye magana ba, kullum da safe sai ta share wurin turakun, ba dabba ko guda, don kada a ce gidan ya mutu.

Jafaru ma ya yi asara, fiye da rabin garkensa ya tafi. Duk da haka da kaka ta zagayo ya gangaro da ƴan abin da suka saura, ya sauka inda ya saba. Ya shigo gida gaisuwa, ya dubi turakun nan da aka share. Washegari sai ga shi yana jaye da wata jar karsana, da igiyar da ya tuƙa da hannunsa. Ya wuce kai tsaye ya ɗaure ta a turken tsakiya.

Yazidu ya ce, “Mi ke nan, Fillo?”

Jafaru ya ce, “Habbanaye. Na ɗaura maka ita, Kaɗo. Ka daina sa matarka sharar banza.”

Wanda bai zauna da Filani ba bai san nauyin wannan abu ba. Saniya ce ake ɗaura wa wanda ya rasa. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka har sau uku, ƴaƴan naka ne halak malak, sa’annan ka mai da uwar ga mai ita tana tafiya da ƙafarta. Ba a sai da ita, ba a dukanta, kuma ita ke fara ci kafin dabbarka. In ajalinta ya zo a hannunka ba a biya, mai ita ba zai ko tambaye ka ba. Abu guda ake nema gare ka: a ga ka riƙe ta da mutunci. Tsakaninsu suke yin abinsu, ba kasafai suke ɗaura wa Bahaushe ba. Yazidu ya san da haka. Ya kama hannun Jafaru da hannu biyu, ya ce muddin yana numfashi saniyar nan ba za ta san mene ne yunwa ba. A gaban mutane ya faɗa, kuma ba wanda ya sa shi.

Hanatu ta raɗa mata suna Baƙuwa. Shekarun farko kam an yi mata riƙon baƙuwa. Damin harawar da ya fi kore nata ne, ita ke fara shan ruwan dusa, in rana ta take Yazidu da kansa ke matsar da ita inuwa. Ta haifi mace, ta sake haifar namiji. Nono ya dawo gidan, aka sayi tunkiya, tunkiya ta zama tumaki. Yazidu ya fara ɗaure raguna a turke yana kiwata su don kasuwar Layya.

A cikin shekarun nan ƙasar ma ta canza. Gonaki suka ci makiyaya. Ɗan abin da ya rage masu manjagara suka dinga kankare shi tun ciyawa ba ta zub da iri ba, suna lodawa a amalanke suna kai wa birni. Inda da ake ganin ƙomayya da gadagi har gwiwa, garmani ya mamaye, ciyawar da ko jaki sai ya rasa yadda zai yi yake kallonta. Abincin dabba ya zama haja. Sai ga mutane na sallama a ƙofar Yazidu tun daga Sabon Maci. Wasu mutanen poroje, masu aikin raya karkara, suka zo da mota, suka ɗauke shi hoto a gindin rumfa, suka kai shi gidan rediyo ya yi wa manoma bayanin yankan harawa. Daga ranar hular Yazidu ta karkata gefe, ba ta sake komawa daidai ba. Aka fara kiransa Mai Harawa. Ya kafa rumfa ta biyu, ya kafa ta uku, kayan da ke bisa har sun fi katangar gidan tsawo, tun daga bakin kasuwa ake hango su.

Sai ya waiwayi kara. Da ana barin shi a gona don baƙi, yanzu ya ga ashe shi ma abin ɗauri ne. Shekarar farko ya sare rabi. Ta biyu ya bar ɗan gefe. Jafaru, da ke zama har sanyi ya wuce, sai ya koma yin ƴan kwanaki ya ɗaura kaya. Iyakar abin da yakan ce, “Bana kara ya yi ƙaranci, Kaɗo.” Yazidu ya ce, “Wallahi gara ce ta dame mu,” ga dammunan kara jingine a bayansa sun fi shi tsawo. Jafaru ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya raba mu da gara.

Baƙuwa ta yi haihuwa ta uku gab da kaka. Lokacin mai da ita ya yi ke nan. Jafaru ya zo ya ga maraƙi ɗanye, ya ce ba zai raba uwa da ɗa ba, a bar ta ta shayar, kaka mai zuwa ya tafi da abarsa. Alheri ne ya ƙara a kan alheri. Shi kuwa Yazidu, Allah ya raba mu da wayon namiji, sai ya zauna ya yi nasa tunanin. Maraƙi uku sun shigo hannu, saniya ta gama masa aiki. Duk ganyen da za ta ci daga yau, wani take tara wa nama. Kuma ya san Jafaru da kaka kawai yake biyowa ta Dakoro, in zai koma arewa a ƙarshen bazara wani burtali yake bi can yamma. Ke nan ko ta rame da rani, damina na nan tafe, za ta ci ɗanyar ciyawa ta mai da jiki kafin mai ita ya gan ta. Ya yaye maraƙin tun lokaci bai yi ba, ya ɗaure shi kusa da raguna a kan harawa. Uwar kuma ya kwance ta ya tura ta garken gari.

Hanatu ta zuba ido kwana biyu, sa’annan ta tare shi a gindin rumfa.

“Maigida, Baƙuwa hwa ba ta ci komi ba.”

“Ba ta bi garken gari ba?”

“Mi ke akwai can? Garmani za ta ci ko rairayi?”

“Shanun mutane da mi suke rayuwa?”

“Shanun mutane ba habbanaye ba ne.”

“Ke dai ki ji da tukunyarki. Damina na zuwa. Kahin Jafaru shi gangaro ta cika ta batse.”

“To. Allah dai shina gani tun kahin damina.”

Ta riƙa ɓoye mata ƴar dusa da ruwan wankin gero, amma me wannan zai yi wa saniya mai dogon ƙaho? Kada wani ya ce Yazidu bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Da yamma in saniyar ta dawo ta tsaya a turkenta, ta ga ya ɗauki tsani zai hau rumfa, sai ta miƙa wuya ta yi masa wannan ƙaramin kukan da ta saba yi tun tana karsana. Da kukan ya dame shi, sai ya mai da tsanin ta bayan rumfa, inda ba za su haɗa ido ba.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. A makiyaya babu ko tsinke. Shanun gari suka koma bin juji a bayan kasuwa, suna lasar duk abin da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai. Baƙuwa, da ba ta taɓa sanin wannan rayuwa ba, ta fi kowa haɗiya: leda, tsumma, guntun buhu. Haƙarƙarinta ya fito, tozonta ya kwanta, ƙahon nan ya yi wa kan nauyi. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa. Ran nan da safe ta yunƙura ta kasa tashi.

Saniya in ta kai nan sai an ɗaga ta kullum, in ba haka ba ƙafafun su mutu. A zura taɓarya a ƙarƙashin ciki, mutum biyu nan, biyu can, wani ya kama wutsiya. Cikin masu zuwa ɗagawa akwai maƙwabcinsa Issa mahauci, mai baki kamar wuƙarsa. Ya dubi saniyar, ya ɗaga kai ya dubi rumfa, ya ce, “Mai Harawa, wagga baiwar Allah azumi take yi? Ka ce mata watan ya wuce.” Aka yi dariya, Yazidu ma ya yi, ta yaƙe. Ya jefa mata busasshen kara mai tauri. Harawa kuwa ta yi daraja a lokacin, masu saye sun riga sun yi magana, ga Layya ta matso, raguna na bukatar abin da zai sa gashinsu sheƙi. Ya ce wa ransa saura ƙiris ruwa ya sauka.

Abin da bai sani ba, rijiyar da ke kan burtalin yamma ta rufta a shekarar. Makiyayan da ke komawa arewa duk suka karkato ta Dakoro.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Maza sun zura taɓarya, Issa na riƙe da wutsiya yana cewa a ɗaga tare, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dogon mutum ne da malafa, sanda a kafaɗa, yana jaye da baƙar akuya. Kafin kowa ya amsa, saniyar ta amsa. Ta juya kan nan da ƙyar ta yi wani kuka daga can cikin ƙirji, wanda ba a taɓa jin ta yi ba a gidan. Masu taɓarya suka sauke ta a hankali. Yazidu ya ɗago kai, ya ga Jafaru ne. Da ƙasa za ta yarda ta buɗe, da ya shige ya ja ta ya rufe.

Jafaru ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi jiran ruwa, bai rage ko ɗaya ba. Sau guda ya ɗaga ido ya dubi rumfunan nan uku, ya mai da shi ƙasa. Sa’annan ya jingine sanda, ya tsuguna gaban saniyar, ya shafa wuyanta, ya yi mata magana da Fillanci a kunne. Ya tsunkuli fatarta ya saki, fatar ta tsaya a tsunkule.

Yazidu ya ce, “Ciwo ne ya kama ta, Fillo. Mun yi ta magani.”

Jafaru ya ce, “Haka ne. Ciwon nan bana ya yi yawa. Daji duka shi ne.”

Daidai nan wani rago, da kitse ya hana shi juyawa sosai, ya yi kuka da ganye a baki. Ba wanda ya dubi wani.

Jafaru ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce, “Malam Yazidu.” Tun suna yara bai taɓa kiransa haka ba. “Na ji a rediyo an ce harawarka ta fi ta kowa. Akuyar nan na kawo ta kasuwa ne in samo wa shanu dusa. Ka karɓe ta, ka sayar mini da harawa gwargwadonta, a riƙa ba wannan baiwar Allah.”

“Haba Jafaru! Haba! Ni zan sai maka da harawa? Wallahi yanzun ga nike shirin sauko mata da ita.”

“A’a. Kayan sayarwa ne, ban zo in ɓata maka ciniki ba.”

Ya ɗaure akuyar a ƙafar rumfa. Hanatu ta kawo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa, fuskarta a rufe da gefen zane. Ya karɓa ya taɓa da leɓe, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ɗauki sandarsa ya fita, ba gaggawa ba fushi. Masu taɓarya suka zame ɗaya-ɗaya. Issa ma ya bi bayansu.

Yazidu ya hau rumfa ta gaba, ba ta baya ba, ya dinga jefo dammuna kamar wanda gobara ta kama wa gida. Ya kwance mafi kore, ya tula a gabanta har ya kai mata ƙirji. Ta shinshina, ta ɗauki ƴar kaɗan, ta tauna, ta tauna, ganyen ya zubo ta gefen baki. Ya kira likitan dabbobi. Mutumin ya danna cikin ta nan, ya danna ta can, ya ce leda ce ta cika tumbin, babu inda abinci zai zauna. Yazidu ya bar kasuwa, ya bar raguna a hannun Hanatu, ya zauna gaban saniya yana ɗura mata ruwan dusa da kanwa da ludayi. Ruwan da yake ta jira ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshi, ciyawa ta fara tsiro har a gindin katanga. Baƙuwa ko kai ba ta iya ɗagawa ta gani ba. Da idonta ya fara juyawa, aka kira Issa da wuƙa don kada ta tafi mushe.

Da ya farke cikin, sai ya sa hannu biyu ya jawo wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman turmi, leda da tsumma da igiyar buhu sun murɗe sun zama abu guda. Ya aje shi a ƙasa, a inuwar rumfa. Matan da suka leƙo neman nama suka gani. Naman ma babu, ƙashi ne da fata. Hanatu ta ce tukunyarta ba za ta ga ko tsoka ɗaya ba. Kafin la’asar babu gidan da labari bai shiga ba: Mai Harawa ya kashe saniyar habbanaye da yunwa a ƙarƙashin harawa.

Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya zage shi a fuska. Da an yi, da ya fi masa sauƙi. Ya daina zama majalisa, a masallaci ya koma sahun baya, ana sallamewa ya sulale. In aka kira shi Mai Harawa sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, alhali mai kiran saye kawai ya zo yi. Daminar nan ya yi noma kamar mai neman ya kashe kansa. Da kaka ta yi, ya yanke kan gero ya bar kara a tsaye, ko ɗaya bai taɓa ba. Ya jeme fatar Baƙuwa ya naɗe. Ya wanke ɗiyarta ta fari, wadda ta zama babbar saniya ja sak uwarta. Akuyar nan kuma ta haifi tagwaye, ya haɗa su wuri guda. Ya zauna jira.

Da aka saki gonaki Jafaru ya gangaro. Ya tsai da garke a kan burtali, jakuna da kaya a bayansu, mata ba su sauka ba. Yazidu ya fito da kayansa, Hanatu na biye. Bayan gaisuwa ya shimfiɗa fatar a ƙasa.

“Ga abin da ya saura. A hannuna ta mutu, kuma ka san abin da ya kashe ta.”

Jafaru ya duƙa ya shafa fatar. Ya ce, “Mai ita ya karɓi abarsa. Ba a biyan habbanaye.”

“To ga ɗiyarta. Ka tahi da ita, don Allah.”

“Taka ce. In na karɓa na zama mai bin bashi. Ubana bai koya mini haka ba.”

“Akuyarka hwa? Ga ta har da ƴaƴa.”

“Saniyar ta ci harawar?”

Yazidu ya sunkuyar da kai. “Ta ɗan taɓa.”

“To ai ciniki ya faɗa.”

“Jafaru, ka zage ni mana! Ga sanda a hannunka, ka buga mini, in samu in yi barci.”

“Subhanallahi. A kan me?” Ya dubi shanunsa. “Abu guda zan roƙa. Igiyar da na ɗauro ta da ita, in tana nan.”

Tana nan. Hanatu ta adana ta tun ranar farko. Ta koma gida ta ɗauko, ta miƙa da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kai. Jafaru ya naɗe ta a damtse.

Yazidu ya nuna gona. “Ga kara, ban sare ko ɗaya ba. Ku sauka inda kuka saba.”

Jafaru ya dubi gonar tun daga wannan iyaka har waccan. Ya ce, “Ma sha Allah, kara ya yi kyau. Sai dai bana na riga na yi wa wani alkawari a gaba.” Ya ɗaga sanda, garke ya motsa. Shanun suna ta karkata kai wajen karan, yana mai da su hanya.

Shekaru sun shuɗe tun daga nan. Yazidu yana nan yana yankan harawa, har yau babu kamar tasa, yana kuma sayarwa, don ciki ba ya jiran kunya ta wuce. Sai dai hular ta koma daidai. Zuriyar baƙar akuyar nan ta cika gidan. Ya kasa sayarwa, ya kasa yankawa, su ke fara cin damin da ya fi kore, mutanen unguwa na kiransu awakin Jafaru. Hanatu kan ce da Baƙuwa ta samu rabin gatan da awakin nan ke samu, da yanzu jikokinta sun cika Dakoro. Kara kuwa kowace shekara yana barin shi, duk makiyayin da ya biyo ya ci ya wuce, ban da wanda aka bar shi dominsa. Jafaru na tsayawa a burtali, su gaisa da kyau, ya tambayi iyali, ya wuce gonar wani.

Bara ne kawai, da furfura ta cika su duka biyu, Jafaru ya tsaya gaisuwar ta yi tsawo, shanu suka karkata cikin gonar, bai ɗaga sanda ba. Yazidu ya gani, ya ƙi ko numfashi da ƙarfi. Suka zauna a gindin gawo, Hanatu ta aiko da fura, Jafaru ya sha sosai. Shanu suka ci daga hantsi har la’asar. Yazidu na ta satar kallon jakuna, ko za a kwance kaya. Ba a kwance ba. Da rana ta yi sanyi Jafaru ya miƙe ya ce, “Mun gode, Malam Yazidu,” ya kaɗa garkensa.

Da suka ɓace, Yazidu ya bi gonar yana neman inda shanu suka yi kashi. Ba shi da yawa, na yini guda ne. Duk wanda ya gani sai ya tura masa ƙasa da ƙafa ya rufe, kada masu tsintar makamashi su kwashe. Bana ma bai sare kara ba.